Kalmomin Ingilishi na Ninka Lamba da Kanta a Lissafi: Ma'anarsu, Asalinsu da Fassararsu

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rasa cin karo da lissafi a cikin aikinsa, ko da kuwa ya yi bankwana da darasin tun yana sakandare. Wanda aka ba rahoton aikin gona ya fassara zai tarar an rubuta faɗin fili da m². Wanda aka ba takardar kuɗin ruwa zai tarar da m³. Mai fassara littafin makaranta kuwa, babi sukutum zai iske a kan ƴar ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar wata lamba, kamar a 2³ ko 10⁶. Rubutun alamar iri ɗaya ne a Yamai da Kano da Akara da Marwa da Injamena. Inda ake rabuwa shi ne wajen karanta ta da baki, da kuma sunayen da ake ba sassanta.

Ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci sun saba da “puissance” da “exposant” da “au carré”. Idan suka buɗe littafin lissafi na Nijeriya ko Gana, ko na Ingila ko Amurka, sai su iske “power” da “exponent” da “index” da “base” da “squared” da “root” da “surd”. Wasu daga cikin waɗannan kalmomi sun yi kama da na Faransanci kuma ma'anarsu ɗaya. Wasu sun yi kama amma ma'anar ta saɓa. Wasu kuma suna ɗauke da ma'ana biyu a cikin Ingilishin kansa. Wannan takarda za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ta nuna cewa alamar tana da sassa uku, kuma mai fassarar da ya san sashen da kowace kalma take nufi a cikin jimlar da ke gabansa ya tsira daga yawancin kurakuran da ake yi a wannan fage.

2.0 Sassa Uku na Alamar

A duba wannan misali:

(1) 2³ = 2 × 2 × 2 = 8

A nan akwai abubuwa uku. Na farko shi ne 2, wato lambar da ake maimaitawa, wadda Ingilishi ke kira “base”. Na biyu shi ne ƴar ƙaramar 3 da ke sama, wadda ke faɗin sau nawa za a jera 2. Ita ce ake kira “exponent” ko “index”. Na uku shi ne abin da aka samu bayan an gama ninkawa, wato 8, wanda ake kira “power”. Domin sauƙin bayani, a wannan takarda an kira na farko tushe, na biyu manuni, na uku kuma sakamako. An zaɓi “manuni” ne saboda kalmar “index” a Latinanci sunan yatsan da ake nuni da shi ne, wanda Hausa ke kira manuni ko manuniya.

Ya kamata a lura tun da wuri cewa tushe da manuni ba sa musayar wuri. A ninkawa ta yau da kullum 2 × 5 da 5 × 2 duka 10 ne, amma 2⁵ ya ba da 32, shi kuwa 5² ya ba da 25. Saboda haka mai fassarar da ya juya jerin kalmomin ya canza adadin baki ɗaya.

3.0 Kalmar “power” da Fuskokinta Biyu

Wannan ita ce kalmar da ta fi ruɗar masu koyo. A duba jimlolin nan guda uku:

(2) Eight is a power of two.
(3) Eight is the third power of two.
(4) Two to the power of three is eight.

A (2) da (3) kalmar tana nufin sakamako, wato 8. A (4) kuwa, mai sauraro zai ji kamar 3 ake kira “power”, shi ya sa a cikin aji malamai da ɗalibai da dama kan kira ƴar lambar sama da wannan suna, har a ji malami ya ce a tara “powers” alhali manunai yake nufi. Duka amfanin biyu suna nan a bakin masu harshen. Hanyar rarrabewa ita ce a duba abin da ke biye da “of”. Idan aka ce “a power of two” ko “powers of ten”, lambar da ta biyo baya tushe ce, kuma ana magana ne a kan jerin 2, 4, 8, 16 ko 10, 100, 1,000. Idan aka ce “to the power of two”, lambar da ta biyo baya manuni ce.

Asalin kalmar ya koma ga Girkawa. Masanan lissafinsu suna kiran murabba'in da aka gina a kan layi “dunamis”, kalmar da ma'anarta ta yau da kullum ita ce ƙarfi ko iyawa. Masu fassara zuwa Latinanci suka mayar da ita “potentia” ko “potestas”, daga nan Faransanci ya sami “puissance”, Ingilishi ya sami “power”. A fassarar littafin Yuklid da Henry Billingsley ya yi zuwa Ingilishi a 1570, murabba'i kawai kalmar take nufi. Daga baya ne aka faɗaɗa ta ta ƙunshi mataki na uku da na huɗu zuwa sama. Larabcin zamani ma ya bi wannan hanya, yana cewa “ƙuwwa”.

Abin kiyayewa ga mai fassara shi ne, kalmar tana da wasu ma'anoni a wajen lissafi. A siyasa mulki ko iko take nufi, a kimiyyar fiziya ƙarfin inji da ake aunawa da wat, a maganar yau da kullum kuma wutar lantarki. Idan aka fassara (4) da cewa “biyu zuwa ƙarfin uku”, an bi kalma an bar ma'ana, kuma Bahaushen da bai san Ingilishi ba ba zai fahimci kome ba.

4.0 “Exponent” da “index”

Waɗannan kalmomi biyu abu ɗaya suke nufi, wato manuni, amma kowace da yankinta. Littattafan Amurka “exponent” suke cewa. Makarantun Ingila da na ƙasashen da suka gaji tsarinta sun fi amfani da “index”, shi ya sa a manhajar hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda Nijeriya da Gana ke cikinta, sunan darasin “indices”, ƙa'idojinsa kuma “laws of indices”. Abin da ɗalibin Kano ya sani da wannan suna shi ne ɗalibin Amurka ya sani da “laws of exponents”.

Bajamushen nan Michael Stifel ne ya shigo da “exponent” cikin lissafi a littafinsa na Latinanci mai suna Arithmetica integra, wanda ya fito a 1544. Ta samo asali daga aikatau “exponere”, wato a fito da abu fili. A wajen lissafi kuma kalmar tana nufin mutum mai yaɗa wata aƙida ko gwanin wata fasaha, don haka sai an duba muhallin da ta fito. Galibi ana ƙarfafa gaɓa ta biyu wajen furta ta, amma a sifar da aka samu daga gare ta, wato “exponential”, ƙarfin yana komawa gaɓa ta uku.

Ita kuwa “index” tana da jam'i iri biyu. A lissafi “indices” ake cewa, bisa tsarin Latinanci, amma idan ana maganar fihirisar da ke ƙarshen littafi an fi cewa “indexes”. Wasu ɗalibai kan cire “s” daga “indices” su ce “indice” a matsayin tilo, wanda kuskure ne a daidaitaccen Ingilishi.

A nan akwai babban tarko ga wanda ya taso da Faransanci. A wannan harshe “indice” ita ce ƙaramar lambar da ake rubutawa a ƙasa, kamar a x₁ da x₂, wadda aikinta kawai bambanta wani x da wani. Ɗalibin da ya ji malamin Ingilishi ya ce “index two” zai iya rubuta x₂ alhali x² ake nufi. Ingilishi ma yakan kira lambar ƙasa “index” a manyan darussa, amma idan ana son kauce wa ruɗani sai a ce “subscript” ga ta ƙasa, “superscript” ga ta sama. Waɗannan biyun suna bayyana wurin da aka rubuta lambar ne kawai, ba su faɗi aikinta ba.

5.0 Yadda Ake Karanta Alamar

Alamar 2⁵ tana da karatu da dama, kuma duka 32 suke nufi:

(5) two to the power of five
(6) two raised to the power of five
(7) two to the fifth power
(8) two to the fifth
(9) two to the five

An fi jin (5) da (6) a Ingila, (7) da (8) kuma a Amurka, shi kuwa (9) gajeren karatu ne na malamai da masana idan suna sauri. A azuzuwan Nijeriya an saba jin “two raised to power five”, ba tare da “the” da “of” ba. Kowa yana gane shi a can, amma a rubutu na ilimi an fi son cikakkiyar siga. Aikatau ɗin da ke tafiya da “power” shi ne “raise”, wato ɗagawa, kamar yadda Faransanci ke cewa “élever”.

Karatu na (7) da (8) suna amfani da ƙidayar matsayi, wato na huɗu, na biyar, na shida, wadda Ingilishi ke ginawa da ɗafa-ƙeyar “-th”. Matsalar ita ce da wannan siga ɗin dai ake faɗin kashi. “Two to the fifth” shi ne 32, amma “two fifths” kashi biyu ne cikin biyar, wato bai kai ko ɗaya ba. Ƴan kalmomin nan “to the” da kuma “s” ta ƙarshe su ne kaɗai suka raba su. Haka nan sautin “th” babu shi a Hausa, babu shi a Faransanci, don haka mai tafinta ya kasa kunne sosai tsakanin “fourteenth” da “fortieth”. Tsakanin 10¹⁴ da 10⁴⁰ akwai sifiri 26.

Idan manuni yana da alamar ragi, kamar 10⁻³, Ingila ta fi cewa “ten to the minus three”, Amurka kuma “ten to the negative three” ko “negative third”. Ma'anarsa 1 a raba da 1,000, wato 0.001. Idan harafi ne, kamar xⁿ, sai a ce “x to the n” ko “x to the nth”. Daga nan ne Ingilishin yau da kullum ya sami karin maganar “to the nth degree”, wato matuƙar iyaka, da “for the nth time”, wanda Bahaushe zai ce “sau shurin masaki”.

Sauran abu ɗaya shi ne baka biyu, waɗanda ido ke gani amma kunne ba ya ji. A duba:

(10) a + b²: a plus b squared
(11) (a + b)²: a plus b, all squared

Idan a ta zama 2, b ta zama 3, (10) zai ba da 11, (11) kuma 25. Kalmar “all” ita ce ke tsaye a madadin baka biyun a Ingila, Amurkawa kuwa sukan sa “the quantity” a farko. Irin wannan ne ke tsakanin −3² da (−3)². Bisa ƙa'idar lissafi na farko −9 ne, na biyu 9. Sai dai a manhajar kwamfuta ta Excel, wadda ke amfani da alamar ^ wajen rubuta manuni, idan aka buga =-3^2 amsar da ke fitowa 9 ce. Sunan wannan alama a Ingilishi “caret”.

6.0 “Squared” da “cubed”

Mataki na biyu da na uku suna da sunaye na musamman. Ana karanta 5² “five squared”, 5³ kuma “five cubed”. Dalili shi ne, kafin a sami alamun aljabara, da zane ake tunanin waɗannan abubuwa. Fili mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe taku 5, yana ɗauke da ƙananan murabba'ai 25. Abu mai fuska shida daidai wa daida, irin dunƙulen Maggi ko abin da ake jefawa a wasan ludo, idan kowane gefensa 5 ne, yana ɗauke da ƙananan dunƙulaye 125. Kalmar “cube” ma daga “kubos” ta Girkanci take, wadda asali sunan abin jefawa ne a wasan caca. Da yake ido bai san siffa mai awo huɗu ba, daga mataki na huɗu sai Ingilishin yau ya koma ga ƙidaya.

Magabata sun yi ƙoƙarin raɗa wa manyan matakai suna ta hanyar haɗa waɗannan biyu. Diyofantus na Iskandariyya ya kira mataki na huɗu murabba'i-murabba'i, na biyar murabba'i-dunƙule, na shida dunƙule-dunƙule, wato yana tara 2 da 3. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunansa, inda ya kira murabba'in abin da ake nema “mal”, wato dukiya, kalmar da Hausa ta sani a cikin “baitulmali”. Mataki na uku kuma Larabawa suka kira shi “ka'b”, daga saiwa ɗaya da sunan Ka'aba. Da aka fassara littattafan Larabci zuwa Latinanci a ƙarni na 12, “mal” ta zama “census”, ta bi ta Italiya da Jamus har ta isa Ingila a sigar “zenzic”. Robert Recorde, wanda ya ƙago alamar = a littafinsa The Whetstone of Witte na 1557, ya kira mataki na takwas da wata doguwar kalma mai maimaita “zenzi” sau uku, wato murabba'in murabba'in murabba'i. A tsarinsa ninkawa ake yi, don haka murabba'i-dunƙule a wurinsa mataki na shida ne, alhali a wurin Diyofantus na biyar ne.

Wannan ruɗani bai kau ba sai da aka koma rubuta lamba a sama. Nicolas Chuquet ya gwada haka a Faransa a 1484, amma littafinsa ya zauna a rubutun hannu har 1880. Tsarin da ake bi yau ya yaɗu ne daga littafin René Descartes mai suna La Géométrie na 1637, ko da yake shi kansa sau da yawa yakan rubuta xx a maimakon x². Isaac Newton ya yi amfani da manuni mai ragi da mai kashi a wata wasiƙa ta 1676.

Wata kalma da ta rage daga wancan zamani ita ce “quadratic”. Wanda ya san “quatre” zai zaci mataki na huɗu ake nufi, amma “quadratic equation” lissafi ne mai x², domin kalmar daga “quadratus” take, wato murabba'i mai gefe huɗu. Mai x³ shi ne “cubic”, mai x⁴ “quartic”, mai x⁵ “quintic”. Manuni mafi girma a cikin irin wannan lissafi shi ake kira “degree”.

7.0 “Root” da “surd”

Idan aka juya aikin, aka tambayi wace lamba ce za a ninka da kanta a sami 25, amsar ita ce 5, kuma Ingilishi yana kiran ta “the square root of twenty-five”. Haka 2 ita ce “cube root” ta 8, daga nan sai “fourth root”, “fifth root”. A lura cewa “cube root” ake cewa, ba “cubed root” ba. Kalmar “root” saiwar itace ce, fassarar “radix” ta Latinanci, ita kuma fassarar “jidhr” ta Larabci. Daga “radix” aka sami “radical”, sunan alamar √, wadda ta fara fitowa a bugu a littafin Christoph Rudolff na 1525. Ana iya rubuta saiwa da manuni mai kashi: 9 mai manuni ½ daidai take da √9, wato 3, kuma ana karanta ta “nine to the half”.

Saiwar da ba ta fita daidai, kamar √2 da √3, ita ce “surd”, darasin da duk wanda ya yi sakandare a Nijeriya ko Gana ya sani. Kalmar daga “surdus” ta Latinanci take, wato kurma, kuma ɗan Faransanci zai gane danginta a “sourd”. Fassara ce ta “asamm” ta Larabci, wadda ita ma kurma take nufi. Larabawa sun yi amfani da ita ne wajen fassara “alogos” ta Girkanci, wadda ke iya nufin abin da ba shi da gwargwado, ko abin da ba ya magana. Wannan misali ne mai kyau na yadda zaɓin mai fassara guda kan bi kalma har fiye da shekara dubu.

8.0 Awo da Manyan Lambobi

A fagen awo jerin kalmomi yana da muhimmanci ƙwarai. Ana karanta 20 m² “twenty square metres”, wato murabba'in mita 20, kwatankwacin ɗaki mai mita 4 a mita 5. Amma idan aka ce fili “twenty metres square” ne, ana nufin kowane gefensa mita 20, faɗinsa ke nan murabba'in mita 400. A takardar cinikin fili wannan bambanci ya isa ya kai mutane gaban alƙali. Haka kuma murabba'in kilomita ɗaya murabba'in mita 1,000,000 ne, ba 1,000 ba, domin 1,000 ake ninkawa da 1,000. Faɗin ƙasar Nijar, alal misali, murabba'in kilomita 1,267,000 ne. A awon ruwa ana cewa “cubic metre”, wato m³, wanda ke daidai da lita 1,000, haruffan “cc” da ke jikin babur kuma taƙaitawar “cubic centimetre” ce.

Masana kimiyya suna rubuta manyan lambobi da tushen 10. Gudun haske ya kusa mita 3 × 10⁸ a daƙiƙa. Ingila da Afirka ta Yamma suna kiran wannan rubutu “standard form”, Amurka kuma “scientific notation”. A tuna cewa Ingilishi ɗigo yake sawa inda Faransanci ke sa waƙafi, don haka 1.5 × 10³ na Ingilishi shi ne 1,5 × 10³ na Faransanci.

Sunayen manyan lambobin ma sun saɓa. “Billion” ta Ingilishi 10⁹ ce, wato “milliard” ta Faransanci, abin da Hausar Nijeriya ke kira biliyan, Hausar Nijar kuma miliyar. Ita kuwa “billion” ta Faransanci 10¹² ce, wadda Ingilishi ke kira “trillion”. A da Ingila ma tana ƙirga “billion” a matsayin 10¹², sai a 1974 gwamnatinta ta koma ga tsarin Amurka, don haka tsofaffin takardunta na buƙatar kulawa. Mai fassara kasafin kuɗi da ya yi sake a nan ya ninka adadin sau dubu. Akwai kuma “googol”, wato 10¹⁰⁰, sunan da ya yaɗu ta hanyar masanin lissafi Edward Kasner a 1940, wanda kamfanin Google ya samo sunansa daga gare shi.

9.0 “Exponential”

Wannan sifa ta fita daga aji ta shiga jaridu, musamman a lokacin annobar korona ta 2020. A lissafi tana da ma'ana tsayayya: abu yana ƙaruwa ta hanyar ninkuwa da adadi ɗaya a kowane zango. Bambancin x² da 2ˣ ya bayyana haka. A na farko manuni a tsaye yake, tushe ke canzawa. A na biyu tushe ke tsaye, manuni ke canzawa, kuma shi ne “exponential”. Idan x ta kai 10, na farko 100 ne, na biyu 1,024. Idan ta kai 20, na farko 400 ne, na biyu 1,048,576. Ibn Khallikan ya kawo labarin nan a ƙarni na 13, na wanda ya nemi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, har gida 64. Jimillar ita ce 2⁶⁴ a cire 1, wato 18,446,744,073,709,551,615.

Ƙaruwar jama'a ma haka take tafiya. Ƙidayar Nijar ta 2001 ta sami mutum kusan miliyan 11, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, wato ƙarin kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wanda in ya ɗore yakan ninka jama'a biyu cikin shekara 18. Ƴan jarida kuwa sukan yi amfani da kalmar da ma'anar “mai sauri ƙwarai” kawai. Mai fassara ya duba: in rahoton masana ne ya ce “ƙaruwa ta ninki-ba-ninki”, in kuwa kambamawar ɗan jarida ce, “ƙaruwa cikin gaggawa” ta wadatar.

10.0 Mayarwa cikin Hausa

Babban haɗari a Hausa yana tattare da kalmar “sau”. “Biyu sau uku” 6 ne, don haka ba zai taɓa zama karatun 2³ ba. “Biyu a ninka ta da kanta sau uku” ma yana da rauni, domin a 2 × 2 × 2 ninkawa biyu aka yi, kuma mai bin jimlar sau da ƙafa zai iya kaiwa 16. Bayanin da ya fi tsabta shi ne “a jera biyu sau uku, a ninka su da juna”. Idan ana buƙatar gajeren karatu, “biyu a mataki na uku” ya dace da “the third power”, kuma yana karɓar kowace lamba, har a ce “goma a mataki na tara”. Ga 5² kuwa, “murabba'in biyar” ya riga ya zauna a kunne saboda “murabba'in mita” da ake ji a rediyo. Yana da kyau a ware “tushe” ga “base”, a bar “saiwa” ga “root”, domin in aka kira su da suna ɗaya jimla kamar “saiwar tushen” za ta rasa ma'ana. Duk kalmar da mai fassara ya zaɓa, ya bayyana ta da misalin lamba a karon farko, sannan ya riƙe ta har ƙarshen aikin.

11.0 Kammalawa

An ga cewa yawan kalmomin nan gado ne daga Girkanci da Larabci da Latinanci, sannan da rabuwar al'adar Ingila da ta Amurka. Kafin ɗalibi ya fassara kowace daga cikinsu, ya fara rubuta jimlar da alamar lissafi, ya fitar da adadinta. Bayan ya fassara, ya karanta wa wani Hausar, shi kuma ya rubuta lambar da ya ji. In lambobin biyu suka zo ɗaya, fassarar ta yi.

Aikin gwaji

1. A rubuta waɗannan da alamar lissafi, a fitar da adadinsu: “three to the fourth”, “three fourths”, “four cubed”, “ten to the minus two”.
2. A bayyana da Hausa bambancin “six square metres” da “six metres square”.
3. A faɗi sashen da “power” take nufi a “sixteen is a power of four” da kuma a “four to the power of two”.
4. A fassara “two billion” ta Ingilishi zuwa Faransanci da Hausa, a rubuta ta da tushen 10.